GOBARAR MAƘWABCI: Yadda Nijeriya ta shiga rabon faɗa a yaƙin basasar Chadi

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, amma ba su faɗi abin da mutum zai yi ba idan ya ga ruwan ba zai isa ba, har ya ɗauki guga ya faɗa gidan ɗan'uwan da niyyar kashe wutar. Abin da ya sami Nijeriya ke nan tsakanin 1979 da 1983, lokacin da yaƙin basasa ya cinye ƙasar Chadi. Ta kira taro har sau huɗu, biyu a Kano biyu a Legas. Ta tura sojojinta sau biyu. Ta kashe maƙudan kuɗi. Daga ƙarshe mutumin da ya kama mulki a Njamena ba nata ba ne, hasali ma bai cika shekara guda a kan kujera ba sojojinsa suka yi musayar wuta da na Nijeriya a Tafkin Chadi.

Da yawa daga cikin matasanmu ba su ma san an taɓa yin haka ba. Bari mu bi labarin daga tushe.

MAƘWABTAKA TA WUCE TASWIRA

Idan mai karatu ya duba taswira zai ga iyakar Nijeriya da Chadi 'yar ƙarama ce, ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a cikin tafki take. Sai dai zumuncin ya girmi taswirar nesa ba kusa ba. Daular Kanem da Borno ta mulki gaɓa biyu na tafkin tsawon ƙarnoni. Rabe, wanda ya rushe Kukawa ya zauna a Dikwa, a Kusiri Faransawa suka kashe shi a 1900, kuma a wannan yaƙin ne kwamandansu Lamy ya mutu, shi ya sa suka raɗa wa garin da ke tsallaken kogi suna Fort-Lamy, wanda ya koma Njamena a 1973. Ta nan ne alhazan ƙasa suke bi su wuce Abeche su shiga Sudan, wasu su yada zango su zauna har abada, shi ya sa ake samun unguwannin Hausawa a garuruwan Chadi. Shanu da banda suna gangarowa Borno, man fetur da kayan masarufi suna hawa can. Saboda haka duk abin da ya taɓa Njamena, Maiduguri sai ta ji a jikinta.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Chadi ta sami 'yanci daga Faransa ranar 11 ga Agusta, 1960, amma a rabe ta karɓe shi. Faransawa sun fi kula da kudu, inda ake noman auduga, nan suka buɗe makarantu, nan suka ɗebi ma'aikata. Arewa da gabas, inda Musulmi suka fi yawa, aka bar su a baya. Can ƙuryar arewa ma, yankin Borku da Ennedi da Tibesti, sojan Faransa ne ya ci gaba da riƙe shi har 1965. Shugaban farko, Francois Tombalbaye, tsohon malamin makaranta ne ɗan ƙabilar Sara ta kudu. Ya soke jam'iyyun adawa a 1962, jami'ansa kuma suka riƙa tatsar talaka da haraji, har akan karɓa fiye da sau ɗaya a shekara.

A ƙarshen 1965 mutanen Mangalme suka yi wa masu karɓar haraji bore, gwamnati ta mayar da martani da kisa. A watan Yuni na 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan, ƙarƙashin Ibrahim Abatcha. Da aka kashe shi a 1968 sai ƙungiyar ta fara dagargajewa, kowane kwamanda ya ja nasa zugar. A cikin waɗanda suka yi fice akwai mutum biyu da labarin nan zai ta'allaƙa a kansu. Na farko Gukuni Wadai, ɗan Derde, wato babban basaraken Tubawan Tibesti. Na biyu Hissene Habre, mutumin Faya-Largeau, wanda ya yi karatu a Faris, mai kaifin ƙwaƙwalwa da taurin zuciya. Tare suka fara, amma a 1976 suka raba gari, kuma babban dalili shi ne Libiya. Gaddafi ya mamaye zirin Awuzu da ke arewacin Chadi tun 1973. Gukuni na ganin a karɓi makamansa tukuna, maganar Awuzu a bar ta sai gaba. Habre ya ce bai yarda ba.

Sojoji sun kashe Tombalbaye a juyin mulkin 13 ga Afrilu, 1975, Janar Felix Malloum ya hau. Da Gukuni ya kama Faya-Largeau da makaman Libiya a farkon 1978, sai Faransa ta sake turo soja, Malloum kuma ya jawo Habre ya naɗa shi firayim minista a watan Agusta. Zaman doya da manja aka yi. Ranar 12 ga Fabrairu, 1979, dakarun shugaban ƙasa da na firayim ministansa suka kaure da faɗa a tsakiyar Njamena. Mayaƙan Gukuni suka shigo gari suka mara wa Habre baya. 'Yan kudu suka tsere daga babban birnin, a garuruwan kudu kuma aka far wa Musulmi, dubban rayuka suka salwanta. Gwamnati ta zama babu ita.

ME YA KAI NIJERIYA?

A lokacin Janar Olusegun Obasanjo ke mulki, saura 'yan watanni ya miƙa wa farar hula. Nijeriya na ji da kanta: ga kuɗin mai, ga soja mafi yawa a yankin, ga sunan da ta yi a kan batun Angola a 1975. Amma ba neman suna kaɗai ya kai ta ba. Abubuwa uku ne suka hana ta barci.

Na farko Faransa. Hafsoshin da ke mulki su ne suka yi yaƙin Biyafara, kuma ba su manta da makaman da suka riƙa shiga hannun 'yan aware ta Gabon da Kodibuwa da yardar Faransa ba. Ganin sojan Faransa a bayan gidansu ba ya yi masu daɗi. Na biyu Gaddafi, wanda ba wanda ya san inda burinsa ya tsaya. Na uku kuwa tartsatsin wutar kanta: 'yan gudun hijira, bindigogi, da 'yan fashi masu tsallako iyaka.

Akwai kuma na huɗu da ba a cika faɗa a fili ba. Nijeriya na da nata ɗan lele a cikin masu faɗan, wata ƙaramar ƙungiya da ke yankin tafki mai suna MPLT, wadda ake kira Runduna ta Uku, ƙarƙashin Abubakar Abdurrahman. Ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, amma albarkacin Nijeriya ta sami kujera a teburin sulhu. Riƙe wannan a ranka, mai karatu, domin a nan gizo ke saƙar.

KANO TA ƊAYA, KANO TA BIYU

A watan Maris na 1979 aka tara shugabannin a Kano. Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin soja, shi ya ja ragamar zaman, ga kuma wakilan Libiya, Sudan, Nijar da Kamaru. A tsakiyar watan mutum huɗu suka sa hannu: Malloum, Habre, Gukuni da Abubakar Abdurrahman. Aka amince a tsagaita wuta, a yi afuwa, a janye mayaƙa daga Njamena zuwa nisan kilomita 100, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, sojan Nijeriya kuma ya tsaya a tsakiya. Malloum ya sauka ranar 23 ga Maris, ya taho Nijeriya gudun hijira, inda ya shafe shekara 23 kafin ya koma gida a 2002. Aka tura sojoji 'yan ɗaruruwa ƙarƙashin Kanar Muhammadu Magoro.

Ana ta murna an kashe wuta, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Akwai ƙungiyoyin da ba a gayyata ba, wasunsu 'yan gaban goshin Libiya, irin su ta Ahmat Acyl. Sai aka kira taro na biyu a Kano a watan Afrilu don a shigar da su. Gukuni da Habre, waɗanda su ne ke riƙe da Njamena da bakin bindiga, suka ce ba za su raba abin da suka ci da gumi da waɗanda ba su da mayaƙa a ƙasa ba. Da lallashi ya ƙi ci, sai masu masauki suka yi abin da ya ɓata komai: aka yi wa baƙin biyu ɗaurin talala a Kano. Ka gayyaci mutum sulhu, sannan ka kulle shi a ɗaki! Ga kuma sojojinka 'yan kaɗan a tsakiyar mayaƙansa a Njamena. Ba a daɗe ba dole aka sake su, suka koma gida da wannan a ransu.

Suna isa suka yi wa Nijeriya wayo. A ƙarshen Afrilu suka kafa gwamnati da kansu, suka ɗauko Lol Mahamat Shuwa daga ƙungiyar MPLT suka ba shi shugabanci, Habre ya riƙe tsaro, Gukuni ya riƙe harkokin cikin gida. Wato ga naku nan mun naɗa, sai ku yi shiru. Nijeriya ta ƙi amincewa da gwamnatin, ta kuma datse man fetur da ke shiga Chadi. Taron farko na Legas a watan Mayu bai haifar da komai ba, domin masu riƙe da Njamena sun ƙaurace masa. Suka ce sojan Nijeriya ya zama na mamaya, ya tattara ya fita. A farkon Yuni sojojin suka dawo gida, wata uku bai cika ba. A cikin watan kuma aka murƙushe mayaƙan MPLT a Njamena, ɗan lelen ya tashi a tutar babu.

LEGAS, DA SHIGOWAR TANKOKIN GADDAFI

Duk da haka matsin ya yi aiki. Ƙasar da ba ta da teku, idan aka toshe mata mai, ba ta da zaɓi. A taron ƙolin ƙungiyar OAU a Monrobiya a watan Yuli ma ba a ba wakilan Njamena kujera ba. Ranar 21 ga Agusta, 1979, ƙungiyoyi 11 suka sa hannu a yarjejeniyar Legas. Gukuni ya zama shugaban gwamnatin haɗin kai, Kanar Kamougue na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. Abin lura, aka rubuta cewa masu kiyaye zaman lafiya za su fito ne daga ƙasashen da ba su yi iyaka da Chadi ba. Wannan sharaɗi, ko ba a faɗa ba, Nijeriya ya shafa. Kwango, Benin da Gini aka zaɓa. Kwango kaɗai ta turo soja, su ma da wuta ta tashi suka kama gabansu.

Wutar kuwa ta tashi a watan Maris na 1980, wannan karon tsakanin Gukuni da Habre. Wata tara ana ragargazar Njamena unguwa-unguwa. Dubun dubatar mutane suka tsallaka kogin Shari zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu suka zarce Borno. Sojan Faransa ya fice a watan Mayu. Gukuni ya ƙulla yarjejeniyar abota da Libiya a watan Yuni, kafin shekara ta ƙare tankokin Gaddafi sun ratso hamada sun shiga Njamena. Habre ya gudu a watan Disamba, ya sake tara mayaƙa a kan iyakar Sudan.

A Nijeriya kuwa mulki ya koma hannun Alhaji Shehu Shagari tun 1 ga Oktoba, 1979, Farfesa Ishaya Audu na ministan harkokin waje. Batun Chadi har ya shiga siyasar cikin gida: a watan Janairun 1980 aka kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, aka kai shi iyaka aka ce ɗan Chadi ne, sai da kotu ta dawo masa da 'yancinsa. Rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano a Disambar 1980, daidai lokacin da sojan Libiya ke shiga Njamena, hankalin gwamnati ya ƙara tashi a kan baƙi da iyakoki. Ana cikin haka, ranar 6 ga Janairu, 1981, aka ba da sanarwa daga Tirabulus cewa Libiya da Chadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya. Ma'ana, Gaddafi zai zama maƙwabcin Borno. Nijeriya ta sallami jami'an ofishin jakadancin Libiya daga Legas, ta ƙara soja a arewa maso gabas, ta shiga gaba wajen neman OAU ta yi tir da haɗewar.

KURA DA SHAN BUGU

A taron Nairobi na Yunin 1981 aka amince OAU ta tura runduna don ta maye gurbin Libiyawa. Faransa ta Mitterrand ta yi wa Gukuni alkawarin tallafi idan ya sallame su. A ƙarshen Oktoba ya nemi su fita. Gaddafi, cikin fushi, ya kwashe sojojinsa a 'yan kwanaki, tun kafin masu maye gurbin su kimtsa. Nijeriya, Senegal da Zayar suka ba da soja, Manjo-Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya ya zama kwamanda. Kason Nijeriya, kimanin soja 2,000, shi ne mafi yawa.

Tun ranar farko akwai saɓanin fahimta. Gukuni ya ɗauka rundunar ta zo ne ta yi masa abin da Libiyawa suke yi masa, wato ta yaƙi Habre. Rundunar kuwa ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, tsakiya za ta tsaya. Shi ko Habre, Amurka ta Reagan na ba shi makamai ta hannun Masar da Sudan, domin a wurin Amurkawa duk maƙiyin Gaddafi abokinsu ne. Ya riƙa cin garuruwan gabas ɗaya bayan ɗaya, idan ya tarar da sansanin OAU sai ya kewaye shi ya wuce. A watan Fabrairun 1982 kwamitin OAU ya ce Gukuni ya zauna da Habre su sasanta, rundunar kuma za ta tashi a ƙarshen Yuni. Gukuni ya ce an ci amanarsa. Ranar 7 ga Yuni, 1982, mayaƙan Habre suka shiga Njamena kusan ba turjiya, Gukuni ya tsallaka kogi zuwa Kamaru.

OAU ba ta da ko sisin da za ta biya. Nijeriya ce ta ɗauki nauyin sojojinta, abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 80, a daidai lokacin da farashin mai ya faɗi har gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Nijeriya ta taimaka an fitar da Libiya, amma Habre da masu ɗaure masa gindi ne suka ci moriyar.

FAƊAN TSIBIRAI

Ba a nan abin ya tsaya ba. Farin shekarun 1970 ya sa tafki ya ja baya, tsibirai suka ɓullo inda a da ruwa ne, masunta da manoma suka bi su suka zauna, ba wanda ya san takamaimai ina iyaka ta bi. A watan Afrilun 1983 sojojin Chadi suka kama wasu tsibirai da Nijeriya ke cewa nata ne, aka yi asarar rayuka a ɓangarorin biyu. Kwamandan runduna ta uku da ke Jos a lokacin shi ne Manjo-Janar Muhammadu Buhari. Aka rufe iyaka, sojojinsa suka ƙwato tsibiran, suka bi 'yan Chadi har cikin ƙasarsu, sai da Legas ta matsa kafin suka tsaya. Bayan 'yan watanni aka sasanta aka buɗe iyaka. Amma tsamin da ya shiga tsakanin hafsoshi da gwamnatin farar hula bai gushe ba. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekarar sojoji suka kifar da Shagari, Buharin nan ya zama shugaban ƙasa.

Daga nan Nijeriya ta ja jiki, fagen ya koma na Faransa da Libiya. Faransa ta dawo da soja a 1983, ta sake dawowa a 1986. A 1987 mayaƙan Habre a cikin motocin Toyota suka tarwatsa sansanonin Libiya a Fada da Wadi Dum. A 1994 Kotun Duniya ta ce Awuzu na Chadi ne, Libiya ta fice. Habre kuwa tsohon kwamandansa Idris Deby ya kore shi a Disambar 1990. Kwamitin binciken da aka kafa bayansa ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka mutu a hannun gwamnatinsa. A 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a 2021. Masu sha'awar fim za su iya neman ayyukan daraktan nan ɗan Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, musamman 'Daratt' na 2006, labarin yaron da aka ba bindiga ya je ya rama kisan ubansa bayan an yi wa masu laifin yaƙi afuwa, da kuma fim ɗin gaskiya da ya yi a 2016 a kan waɗanda suka tsira daga kurkukun Habre.

INA AKA KUSKURE?

Ba adalci ba ne a ce Nijeriya ba ta tsinana komai ba. Ita ce ta fara tara masu faɗan a ɗaki guda, kuma haɗewar Libiya da Chadi ba ta tabbata ba, da hannunta a ciki. Amma ta so ta zama alƙali alhali tana da ɗan takara a fage, shi ya sa da ta yi magana sai a ji muryar mai son kai. Ta tura soja kaɗan ba tare da an fayyace aikinsu ba, sau biyu, sun yi yawa a ce baƙi ne, sun yi kaɗan a ji tsoronsu. Ta kuma ɗauka sa hannu a takarda zai ɗaure mutanen da kowannensu ke ganin zai iya cin yaƙin shi kaɗai, ga kuma masu ba shi bindiga daga waje. Ba mamaki da ta tashi shiga Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, ba ta daɗe ba ta ajiye rigar 'yan ba-ruwanmu ta shiga yaƙin gadan-gadan, shi ma da nasa tsadar.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A farkon 2015, lokacin da Boko Haram ta riƙe garuruwan Borno, sojojin Chadi ne suka tsallako suka fatattake ta daga Gamborun Ngala da Dikwa. Wanda ya turo su shi ne Idris Deby, ɗaya daga cikin samarin kwamandojin da suka shiga Njamena da Habre a 1982, sojojin Nijeriya na tsaye suna kallo. Maƙwabcin da aka je kashe wa gobara shekara 36 kafin nan, shi ne ya zo da nasa gugan.